Ko doki ma fili ake ware masa

Shekarata shida a Jamus, amma sai bana wani abokin aikina ya ja ni zuwa Nürburgring, filin tseren motoci, can cikin tsaunukan Eifel. Na tafi ne da zaton zan ga taron mahaukata. Ni ɗan Kano ne, na san wasan mota: ranar kai amarya abokan ango su tare titi, mota ta yi ta juyi kamar mazari, taya na hayaƙi, yara na shewa a gefe, ba abin da ya raba su da ƙarfen sai kiyayewar Allah.

Hayaniyar dai iri ɗaya ce, ƙaurin tayar ma haka. Tsohon titin, wanda suke kira Nordschleife, tun 1927 aka buɗe shi. Kilomita 20.8 ne, ya keta daji, hawa da gangara, tsakanin tudunsa da kwarinsa akwai mita wajen 300. Direban tsere Jackie Stewart ne ya raɗa masa suna Koriyar Jahannama, kuma bai yi ƙarya ba: a nan motar wani direban tseren, Niki Lauda, ta kama da wuta a 1976, daga nan gasar Formula 1 ba ta ƙara taka tsohon titin ba, sai sabon da aka gina kusa da shi a 1984.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne akwai ranakun da kowa ke shiga. In motarka tana da takardun hawa titi, ka biya kuɗin zagaye, a ɗaga maka shinge. Na ga Porsche, na ga tsohuwar Golf irin tawa. Sai dai da sharaɗi. Ba a wuce mota sai ta hagu. An hana auna lokaci, don kada son burga ya ja mutum. In ka daki shingen ƙarfen gefe, mita-mita za a auna a kawo maka lissafi, har kuɗin janwe, kuma kamfanonin inshora da yawa ba ruwansu da abin da ya same ka a ciki. Mai ganganci a nan aljihunsa yake wa ganganci. Masu kallo kuwa suna can bayan waya, kan tudu, da kujerunsu da abin gasa nama.

A wajen na tuna cewa mu ma ba baƙon abu ba ne gare mu. Kano tana da filin sukuwa. Ranar hawan daushe, kafin mahaya su saki linzami su yi jafi, sai dogarai sun buɗe fili tukuna. Iyayenmu ba su hana saurayi gudu da doki ba, wuri suka ba shi. Da mota ta zo, sai muka tsaya a wa'azi da kame, matasan kuma suka mai da shataletale fagensu. Ni a ganina jihar da ta ware fili ɗaya mai shinge, da motar asibiti a tsaye, ta fi wadda ke ta fitar da sanarwar haramci duk shekara.

Na san wannan ba zai gyara hanyar Kano zuwa Zariya ba. Direban haya ba don nishaɗi yake gudu ba, lodi na gaba yake hange. Kuma a Nürburgring ɗin ma ana mutuwa.

Abokina ya ce in shiga da tawa. Na ce a'a, ita ke kai ni aiki ranar Litinin. Na dai zauna gefensa zagaye ɗaya. Da muka faɗa kwanar Karussell, mai kwanciya kamar gefen kasko, motar ta ɗau rawa a kan kankare, ni kuma na kama salati da ƙarfi. Direban tsere Timo Bernhard ya zaga titin nan cikin minti 5 da daƙiƙa 19 a 2018. Mu mun haura ninki biyun haka, amma da na fito sai da na dafa ƙofa kafin gwiwata ta yarda ta ɗauke ni.