Zanen aro ba ya rufe katara

Makon jiya masu manhajar ba da rance suka dinga kiran wani dattijo a unguwarmu, suna gaya masa ɗansa ya ci bashi ya ɓuya. Da aka bi ba'asi, kuɗin sun tafi ne a sabuwar waya da shadda da hayar mota ranar bikin aboki. Na ga dattijon zaune a ƙofar gida, hannunsa na rawa yana kashe wayar. Haba samari! Cin bashi don burga, wannan wace irin cuta ce ta shige ku?

Ƙasa guda ta taɓa yin abin da kuke yi, ku ji yadda ta ƙare. Edward Gierek, wanda ya shugabanci jam'iyyar kwaminis ta Poland daga 1970 zuwa 1980, ba ɗan gata ba ne. An haife shi a 1913, mahaifinsa ya rasu a ramin haƙar kwal yana ɗan ƙarami, shi ma tun yana yaro ya shiga rami a Faransa. Aka kore shi a 1934 saboda yajin aiki, ya ci gaba da haƙa a Beljiyam, ya koma gida a 1948. Ya san gumi, ya san yunwa. A Disambar 1970 aka ba shi mulki, bayan an harbe ma'aikata masu zanga-zanga a biranen Gdynia da Gdansk kan ƙarin kuɗin abinci. Ya je har wurin masu ƙera jiragen ruwa ya tambaye su ko za su taimaka masa, suka ce za su taimaka.

To me ya yi da amanar? Ya nufi bankunan Turai ta Yamma da Amurka ya kwaso rance. Nan da nan ga ƙaramar motar Fiat 126p a titi, ga Coca-Cola a kanti, ga katafaren kamfanin ƙarfe na Katowice, ga sabuwar tashar jirgin ƙasa a Warsaw. Lissafinsa shi ne masana'antun za su sayar da kaya waje a biya bashin. Sai farashin mai ya tashi a 1973, kasuwar Turai ta yi sanyi, kayan Poland suka rasa mai saye, kuɗin ruwa kuwa ba ya jiran kowa. Aka shiga cin sabon bashi don toshe tsohon. Kai da ke da manhaja uku a wayarka, kana karɓa a wannan ka biya waccan, ka gaya mini bambancinku.

Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A Yunin 1976 gwamnati ta ninka kuɗin sukari, ta ɗaga na nama sosai, ma'aikatan garuruwan Radom da Ursus suka fantsama titi, aka janye ƙarin, aka kuma jibge su. Sukari ya koma sai da katin rabo. Mata suna fita tun asuba cikin sanyi su yi layin nama, talabijin ɗin gwamnati kuwa kullum labarin nasara take yi. Ƙarya ke nan, ƙanwar bashi. Ku ma haka kuke: hoto a Facebook da wanka na kece raini, cikin gida ko garin tuwo babu. Kada ma a zo maganar waɗanda ke rantowa su zuba a cacar ƙwallo, ko 'yan kanzagin da ke zuga ku, ana "sai kai, oga", ranar biya ba ka ganin ko ɗaya.

Kafin 1980 bashin ya haura dala biliyan 20. Ƙarin kuɗin nama ya sake tayar da yajin aiki, jagoran ma'aikata Lech Wałęsa da ƙungiyar ƙwadago ta Solidarność suka fito daga Gdansk, a Satumbar 1980 aka sauke Gierek. A 1981 jam'iyyar da ya yi wa hidima ta kore shi, a Disamba aka tsare shi. Sai a 1991 ƙasashen da ke bin Poland suka yafe kusan rabi, ragowar kuma yaran da ba su ci ko sisi ba suka yi ta biya. Gierek ya mutu a 2001. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Na san za ku ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Gaskiya ne, akwai na jari, akwai na asibiti. Naku na nuna isa ne, kuma shi nake faɗa da shi. Ku rage buri, ku tsaya inda Allah ya ajiye ku.

Da can magidanci in bashi ya kama shi, da dare yake zuwa wurin amininsa a ɓoye, ba ya barci mai daɗi sai ya biya. A maƙabarta ana tambaya ko akwai mai bin mamaci, jikin kowa ya yi sanyi. Yau yaro ɗan shekara ashirin ana bin sa ta ko'ina, yana zaune a majalisa yana dariya yana canja layin waya, uwarsa ce ke sayar da akuyarta a asirce don kada a ji kunya a unguwa.