Tiyatar sankarar ciki: tazarar ƙauye da birni bayan sallama take bayyana

A kwantar da mutum biyu a asibitin koyarwa na Kano, ɗaya ɗan Tarauni a cikin birnin, ɗaya daga ƙauyen da ke da tafiyar awa biyar. Likita ɗaya ya cire musu sankarar babban hanji, ya haɗa bakin hanjin da ɗinki iri ɗaya. A ɗakin tiyata ba a bambanta su ba. Ranar da aka ce "an sallame ku" hanyarsu ke rabuwa.

Gaskiya ne mutumin karkara kan iso a makare. Jini a bahaya ya sha maganin basir wata da watanni, sai hanji ya toshe a kawo shi cikin dare. Wannan kowa ya sani. Abin da ba a cika magana a kai ba shi ne makonni uku na bayan aiki. Wani babban bincike da aka wallafa a 2018, wanda ya bi majinyata sama da 11,000 a ƙasashen Afirka 25, ya nuna cewa kashi 94 cikin 100 na waɗanda suka rasu ba a ranar tiyatar suka rasu ba, a kwanakin da suka biyo baya ne. A Amurka ma, binciken 2009 ya gano cewa asibitocin da mutane suka fi mutuwa da waɗanda ba a cika mutuwa ba kusan daidai suke wajen yawan matsalolin bayan tiyata. Abin da ya raba su shi ne saurin gane matsalar da kai ɗauki.

Ɗauki yoyon ɗinki, wato inda aka haɗa hanjin ya buɗe, najasa ta riƙa zuba cikin ciki. Idan mahaɗar hanji za ta buɗe, yawanci tsakanin kwana na 5 da na 8 take yi, wani lokaci har bayan haka, wato daidai lokacin da majinyaci ya koma gida. Alamun farko ba su da ban tsoro: bugun zuciya ya haura 100 a minti, zafin jiki ya kai 38, ciki ya kumbura, iska ta daina fita, abinci ya fita rai. Ɗan Tarauni cikin rabin awa yana gaban likitan da ya yi masa aiki. A ɗebi jini, a ɗauki hoton CT mai nuna cikin jiki dalla-dalla, in ta kama a koma tiyata a ranar. A ƙauye kuwa duk zazzaɓi maleriya ne. Za a je kemis, a yi allura, a haɗa da farasitamol ya rufe zafin. Kafin a sami mota kwana biyu sun wuce, najasa ta malala cikin ciki, guba ta shiga jini, ƙoda ta fara gazawa.

Wanda aka fitar wa bakin ƙaramin hanji ta gefen ciki, haɗarinsa daban ne, kuma a ɓoye yake zuwa. Abin da ke zuba a jakar da ake manna wa bakin hanjin ruwa ne mai ɗauke da gishirin jiki. In ya wuce lita ɗaya da rabi a yini, musamman a zafin Afrilu, mutum zai bushe. Abin takaicin, dabarar da kowa zai fara yi, wato ɗura masa ruwa zalla, ƙara zubar take yi, domin ruwan da ba gishiri yana jawo gishirin jiki cikin hanji ya fice da shi. Ruwan gishiri da sukari na ORS ake kurɓa a hankali cikin yini, a rage ruwa zalla da lemon kwalba, a sha loperamide, maganin tsayar da gudawa, kafin cin abinci gwargwadon yadda likita ya tsara. Mai jinya na iya auna zubar da robar ruwa mai lita ɗaya da rabi. Idan ta cika a cikin yini ɗaya, ko fitsari ya ragu ya yi ja, sai asibiti. Jakar kanta ba a samunta a kemis ɗin ƙauye. In ta ƙare leda ake ɗaurawa, ruwan hanjin ya cinye fata.

Ganin haka wasu ke cewa a kai irin wannan tiyata manyan asibitocin ƙananan hukumomi. Wannan kuskure ne, kuma tiyatar Whipple ta isa misali. Aiki ne na cire kan fankiriyas (gaɓar da ke bayan tumbi mai taimaka wa narkar da abinci), da farkon ƙaramin hanji, da matsarmama, sannan a yi haɗi uku. Ƙididdigar Amurka ta 2002 ta nuna cewa a asibitocin da ba su cika cire fankiriyas ba kusan mutum 16 cikin 100 ke mutuwa, a inda aikin ya zama jiki kuwa kusan 4. Ba hannun likita kaɗai ba ne: akwai nas ɗin da ta saba duba robar da ke tsotse ruwan ciki, ta san ɗan jini kaɗan a sati na biyu gargaɗi ne na babbar jijiya da ke shirin ɓallewa, ga ma'ajiyar jini da ɗakin kulawa ta musamman. Waɗannan ba sa rabuwa gida-gida.

Aikin ya zauna a birni, amma a daina sallamar kowa da takarda iri ɗaya. Wanda gidansa ya wuce tafiyar awa biyu ya zauna a masauki kusa da asibiti har ya cika sati biyu zuwa uku. Ɗakuna kaɗan da zakka ko waƙafi za su iya riƙewa sun fi gadon kulawa ta musamman arha nesa ba kusa ba. A ba shi ma'aunin zafi, da jakunkunan wata guda, da lambar wayar da ake ɗauka, da takardar alamun haɗari da Hausa, boko da ajami. A kira shi kwana biyu bayan ya isa gida, kada a jira shi ya kira. Bawan Allah da ya sayar da tumaki ya biya kuɗin aiki ba ya son a ce ya cika ƙorafi.

Nisa ya kamata ya shiga lissafin maganin kashe ragowar ƙwayoyin sankara da ke biyo bayan tiyata ma. Ana so a fara shi cikin sati takwas da tiyata. Tsarin haɗin magungunan da ake kira FOLFOX na buƙatar zuwa duk sati biyu, sau 12, kowane zuwa da ƙarin ruwa na kusan kwana biyu. Wani haɗin mai suna CAPOX kuwa duk sati uku ne, ƙarin ruwa na yini ɗaya, sauran ƙwayoyi ne a sha a gida, kuma ga wanda cutarsa ba ta yi nisa cikin mataki na uku ba, wata uku kan wadatar. Ga manomin da aikinsa ya faɗo a farkon damina, zuwa huɗu ke nan maimakon goma sha biyu.