Ganye ya zama abincin masu hali a garin da ake noma shi

Jama'a, duk mai hawan jini ko ciwon suga da ya je asibiti, magana ɗaya likita zai faɗa masa: a rage tuwo da shinkafa, a yawaita ganye. Gaskiya ya faɗa. To amma da wane kuɗi?

Ku shiga Kasuwar Daji a nan Sakkwato ku ce za ku haɗa salak na gida ɗaya: latas, kabeji, karas, kokwamba, tumatir, ƙwai. Kafin a zo kan ƙwan, kuɗin cefanen yini ya tafi. Na ga wata dattijuwa ta ɗauki kabeji, ta jujjuya shi, da ta ji farashi ta ajiye, ta wuce ta sayi taliya da magi. Ta san amfanin ganye sarai, bakunan da ke jiranta a gida take lissafi.

Abin da ke ci mini rai, kayan nan ba daga wata uwa duniya ake kawo su ba. Ga fadamar Kwalkwalawa nan a bakin gulbin Rima, kan hanyar jami'a, ga Wurno, ga Goronyo da madatsar ruwanta. Kuma manomin ma bai tsira da komai ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, injin ban-ruwa ke cinye masa jari tun bai tsinki ganye ɗaya ba, ga taki, ga kuɗin mota. Da sanyi kaya su yi yawa, tumatir ya ruɓe a kwando don babu wurin ajiya. Zafi na shigowa latas ya yi wuya, da damina kuwa tumatir sai wane da wane.

Wasu za su ce a koma wa ɗatun zogala da rama da tafasa. Na yarda ɗari bisa ɗari, ya ma fi salak ɗin biki da ake dulmiyarwa cikin Bama amfani a jiki. Amma ƙulin da ake kwaɗawa da shi ma ya bi gyaɗa ya hau, kuma bai dace a ce wa talaka karas ba nasa ba ne.

A garin da muke da asibiti sukutum na cutar noma, cutar da ke cin fuskar yaran da tamowa ta raunana, wannan magana ta wuce ta marmari. Allah Ya hore mana rana. Gwamnatin jiha ta taimaka wa 'yan fadama da injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana, a kan bashi mai sauƙi, ta kuma gina ɗakunan sanyi a kasuwannin gwari, a fara da Kasuwar Daji.