Riba Ba Riba

Daren Asabar, ɗakin Dogo, mu biyar kan tabarma. Mutuminku da ya dawo daga Amurka ya zaro karta ya ce yau Texas Hold'em zai koya mana. Ba kuɗi, kafin wani ya kai wa Baba labarin caca. Soyayyiyar gyaɗa aka ƙirga wa kowa, ƙwaya 100.

Bayanin minti biyu ya yi. Kati 52, ban da joka. Na hagun mai raba kati ya zuba ƙwaya 1, na gaba da shi 2, dole, tun ba su ga komai ba. Kowa a ba shi kati biyu a rufe. Sai a ture ɗaya gefe, a buɗe uku a tsakiya, na kowa da kowa. A sake ture ɗaya a buɗe na huɗu, haka ma na biyar, wanda sunansa "river" a Turance, amma a bakinsa ya fito "riba". Zubi sau huɗu ne: kafin ukun, bayansu, bayan na huɗu, bayan riba. In layi ya zo kanka, ko ka biya daidai abin da aka zuba, ko ka ƙara, ko ka yar da katinka. In ba wanda ya zuba, ka bugi tabarma ka wuce. A ƙarshe cikin bakwai ɗin ka tsamo biyar mafi ƙarfi. Ya jero darajar hannuwa ma, wato wane haɗin kati ya fi wane, amma lokacin idona na kan Dogo.

Dogo ya ce shi ba ya wasa, ma'aji ne. Ma'ajin da bakinsa ke motsi. Duk zubin da aka tura tsakiya sai ya "gyara" shi, ƙwaya 30 ta koma 26, ya ce ƙidayarmu ce ba daidai ba. Mutumin da cajata ke hannunsa tun azumi, kullum wai tana wajen matarsa.

To, ga hannun. Tara da goma na samu, baƙaƙe. Aka buɗe bakwai da takwas masu zuciya, da sarki baƙi. Na huɗu ya faɗo jak baƙi. Bakwai, takwas, tara, goma, jak: jere cif! Na zuba 20. Kowa ya yar, sai ƙanen Dogo, ɗan aji uku da muka sa don cika layi. Ya biya, ko ɗagowa bai yi ba. Riba ta zo, biyu mai zuciya. Ban ko kalle ta ba, na tura duk abin da ya rage gabana. Ya biya.

Jama'a, miƙewa na yi. Na maka katina a tabarma, na ce a kira mai shayi a kaina, na durƙusa na rungumo gyaɗar da hannu biyu har ina cika aljihu. Sai na ji ƙaramar murya: "Yaya, yi haƙuri." Ya ajiye uku da huɗu. Masu zuciya. Na ce uku da huɗu me za su yi wa jak? Ya sa yatsa yana ƙirga mini zukata kamar ɗan firamare: biyu nasa, uku na tsakiya, biyar.

Biyar masu alama ɗaya sun fi jere, komai ƙanƙantarsu. Na ce wannan dokar yanzu aka ƙirƙiro ta. Mutuminku ya ce lissafi ne: hanyar haɗa jere 10,200 ce, ta alama ɗaya 5,108, wanda ya fi wuya shi ke ci. Ya ƙara da cewa da zarar alama ɗaya ta kai uku a tsakiya, mai jere sai ya taka a hankali, don kati biyu kawai wani ke buƙata. Abin da ya fi ƙona mini rai, kafin riba zukata tara suka rage cikin kati 46 da yaron bai gani ba. Kusan sau ɗaya cikin biyar ke nan. Wannan ɗayan ne ya zo kaina.

Haka na tsaya ina juye aljihu, ƙwaya-ƙwaya, har da zare da tsohon rasit, yaro yana cewa "Yaya, saura a ɗaya aljihun." Da aka ƙirga, 11 sun ɓace. Kowa ya juyo ya dube ni. Dogo kuwa yana gefe yana neman ruwan sha.

Mai shayin ma ya zo, kuma ni na biya.