Masu otizim na iya aikin, intabiyu ne ke tare su a ƙofa

A shekarar 2021 hukumar ƙididdiga ta Birtaniya ta fitar da alƙaluman da suka tsaya min a rai, kusan kashi 22 cikin ɗari kawai na manya masu otizim, wanda wasu ke kira galahanga, ke da aikin yi. Ni dai ban yarda rashin iyawa ba ne, matsalar tun daga ɗakin intabiyu take farawa.

Ka zauna gaban mutum uku, fitilar ofis na ta tsiwwa a kunnenka, ana so ka kalli idon kowa, ka yi murmushi, ka amsa tambaya mai harshen damo cikin sakan biyar, wallahi ko kai ne gwanin kwamfuta a garin sai ka daburce. Mu da aka tarbiyyantar da sunkuyar da kai gaban manya ai mun san kallon ido ba shi ne ma'aunin hankali ba.

To idan kuma baƙar fata ne, abin sai ya ninku. Binciken David Mandell a birnin Filadelfiya na Amurka a 2002 ya nuna ana gano otizim a yaran baƙaƙe kusan shekara ɗaya da rabi bayan na farare, wani ma sai a fara cewa taurin kai ne ko rashin tarbiyya. Ga kuma gwajin da aka yi a Boston da Chicago aka wallafa a 2004, takardar neman aiki iri ɗaya amma mai sunan farare ta fi samun kira da kusan kashi 50. Haɗa biyun nan a kan mutum guda.

Zaman gida shekara da shekaru yana cin rai, wanda ya samu aikin kuma yana ɓoye halinsa daga safe har yamma shima ƙonewa yake a ciki. A wani binciken asibitin Cambridge ta Birtaniya da aka wallafa a 2014, kashi 66 na manya masu otizim da aka tambaya sun ce sun taɓa tunanin kashe kansu.

Microsoft tun 2015 ta fara ɗaukar masu otizim ta hanyar gwada su da aikin kansa na 'yan kwanaki, kuma hakan yayi kyau sosai. Amma wanda aka yi wa lakabin fitinanne tun yana firamare bai ma san yana da otizim ba balle ya nemi irin wannan shirin, shi yasa nake ganin a buɗe gwajin aikin ga duk mai nema, ko yana da takardar likita ko babu.