Binciken gwagwarmayar matasa kan yanayi ya fara daga bakin kwata

Tun da Greta Thunberg, matashiyar nan mai fafutukar kare yanayi, ta fara zaman dirshan a ƙofar majalisar dokokin Suwidin a 2018, nazarin gwagwarmayar matasa kan sauyin yanayi ya zama fage mai cin gashin kansa a jami'o'i. Ana yin digirin digirgir a kansa, ana samun tallafi. Duk matashin malamin Jami'ar Bayero da ya kama wannan layi bai yi zaɓen tumun dare ba. Ga Gidan Mambayya da ke nazarin dimokuraɗiyya, ga cibiyar binciken noma a busassun yankuna, duk na jami'ar. Abin da ke damuna shi ne inda zai sa ido.

In ya auna Kano da mudun Turai, wato maci da ɗaga kwalaye da ƙaurace wa aji, zai rubuta cewa matasanmu ko a jikinsu. Alhali gab da faɗuwar damina za ka ga samarin unguwa da shebur da baro, wando a naɗe har gwiwa, suna yashe kwatoci, suna tsamo ledar fiya wata tuli guda, bayan sun bi gida-gida an yi karo-karo. Wa ke haɗa su? Me ya sa wata ƙungiyar ke daɗewa, wata ta watse da zarar ɗan siyasa ya raba mata riguna? Nan binciken yake.

Batun adalci a sha'anin sauyin yanayi kuwa hawa biyu ne. Na farko kowa ya haddace: hayaƙin da Afirka ke fitarwa bai kai kashi 4 cikin 100 na duniya ba, amma ambaliyar 2022 ta kashe sama da mutum 600 a Najeriya, shekarar da taron duniya kan sauyin yanayi, COP27, a Masar ya amince da asusun biyan asara da ɓarnar da sauyin ke jawowa. Na biyu ya fi ɗaci, don na cikin gida ne. Kududdufan da ke shanye ruwan birni an cike da dama, an dasa shaguna a kai. Ruwan bai fasa zuwa ba, sai dai ya karkata gidan ƙasa na mai ƙaramin ƙarfi. A 2022 ko Kantin Kwari bai tsira ba. Wa ya sa hannu aka yanka filayen? Tambayar ba ta cika jawo gayyatar taro a ƙetare ba, tana ma iya jawo wa mai ita baƙin jini.

Sannan ƙarin girma a jami'a da yawan maƙalu a mujallun Turanci ake samunsa. To, a rubuta. Amma samarin da aka cika wa kunne da tambayoyi suna da haƙƙin jin sakamakon da Hausa, ko a rediyo ko a ƙofar gidan mai unguwa, tun ruwa bai sauka ba.