Lu'ulu'un da Ya Cinye Min Hannu

Ƙanena ne ya jawo min. Da ya dawo daga karatu a Malesiya abu biyu ya zo mana da su: cin shinkafa da sassafe, da wani wasan kati wai shi Magic: The Gathering. Na farkon Hajiya ta raba shi da shi da koko da ƙosai. Na biyun kuwa ya biyo ni da shi har shagona a Beirut Road, inda nake gyaran laftof da sayar da na hannu.

Wasan ba irin kartar da muke bugawa a majalisa ba ne, wadda za ka ce wa mutum ya ɗebi biyu ko ya tafi kasuwa. Wani masanin lissafi Ba'amurke, Richard Garfield, shi ya ƙirƙiro shi, kamfanin Wizards of the Coast ya fito da shi a 1993. Kowa yana farawa da rai 20, wanda ya fara ƙarar da na ɗan'uwansa shi ya ci. Katunan launi biyar ne: fari, shuɗi, baƙi, ja da kore. Akwai katunan filaye, su ne jarinka, kowane fili yana ba ka guda ɗaya na abin da 'yan wasan ke kira "mana", da shi kake biyan kuɗin fito da dabba ko mayaƙi. Tun 2002 ake buga shi ta intanet a Magic Online, manhajar da sai a Windows take tashi. Ni kuwa Windows ce abincina, don haka tun kafin in iya wasan na riga na fara raina shi.

Abin da ya fi shiga raina shi ne diraf. Mutum takwas ake haɗawa, kowa a ba shi fakiti uku, kowane fakiti kati 15 a lokacin. Ka buɗe na farko, ka zari kati ɗaya, ka miƙa sauran ga na hagunka, na damanka ya miƙo maka nasa. Fakiti na biyu a juya, a miƙa dama. Na uku a koma hagu. Da abin da ka tsinta za ka haɗa kati 40 ka shiga fage. Wato dai kowa da idonsa, kowa da sa'arsa. Na ce wannan ai kasuwa ce, kuma ba a koya wa Bakano kasuwa.

Lokaci-lokaci sukan dawo da tsofaffin katuna na 'yan kwanaki don masu kewar da. Wata rana yaron nan ya faɗo shago yana haki, ya ce, "Yaya, an dawo da Mirage. Wannan naka ne." Mirage ya fito a 1996, ƙannensa biyu, Visions da Weatherlight, suka biyo baya a 1997. Labarinsa a wata ƙagaggiyar nahiya ne mai suna Jamuraa, wadda aka zana da kamannin Afirka: zakuna, kadoji, baƙaƙen mahaya da masu. Har na tambaye shi ko akwai katin Hawan Daushe a ciki. Bai yi dariya ba. Ya ce, "Yaya, don Allah abu ɗaya. Tsofaffin katunan nan, ka karanta su tun daga sama har ƙasa. Ƙaramin rubutun nan shi ne wasan." Na ce masa mutumin da ke karanta lambar da ke jikin ƙwayar cikin kwamfuta ba tare da tabarau ba, ba shi za a koya wa karanta kati ba. Ya saya min tikitin shiga, ya hau adaidaita sahu ya tafi Kabuga.

Bayan sallar isha'i na baje a falo, a gidanmu da ke Gyaɗi-Gyaɗi. Zafin Afrilu ne, irin wanda fanka ke kaɗo maka iskar murhu, amma akwai wuta, alhamdu lillahi. Na jona laftof da intanet ɗin wayata, na ajiye kofin shayi a gefe, na yi bismilla.

Fakitin farko na buɗewa sai ga Lion's Eye Diamond, wato lu'ulu'un idon zaki. Gabana ya faɗi. Wannan katin na san shi, don ƙanena ya taɓa faɗa min cewa na takarda ɗaruruwan daloli ake sayar da shi, saboda yana cikin jerin waɗanda kamfanin ya yi alkawarin ba zai sake bugawa ba. Ba ka biyan ko mana ɗaya wajen fito da shi, shi kuma ya ba ka uku. Kusan aikin Black Lotus ke nan, katin 1993 da aka sayar da guda ɗaya dala miliyan 3 a 2024. A gefensa akwai Incinerate, wutar da ke ƙone mayaƙin abokin gaba da mana biyu kacal, irin katin da masu hankali ke ɗauka. Ban ko kalle shi sau biyu ba.

Can a zaɓe na bakwai sai ga wani ƙaton maciji shuɗi, Taniwha. Ƙarfi 7, juriya 7, mana biyar kacal. Mutum shida sun gan shi sun wuce! Na ce Allah sarki, Turawa ba su san kaya ba. Bayansa wani kada ya zo, Sandbar Crocodile, 6 da 5, shi ma mana biyar, shi ma ba mai so. Na kwashe. Sai Teferi's Drake mai tashi sama. Duk ukun akwai wata kalma guda a rubuce a jikinsu, phasing. Na ɗauka sunan unguwarsu ne.

Fakiti na biyu na fara shi lafiya, na samu Man-o'-War, wanda idan ya sauko yake mayar da dabba ɗaya, duk wadda ka zaɓa, hannun mai ita. Ina shirin zaɓe na gaba waya ta yi ƙara. Gwaggo ce daga Gwarzo. Wanda ya san jona kwamfuta da waya ya san cewa kira na shigowa intanet ke sanƙarewa. Wanda ya san Gwaggo kuma ya san ba a kashe mata waya.

"Assalamu alaikum, Gwaggo, ina wuni."

"Lafiya lau. Ya gida? Ya iyalin? Ya yaran? Ya zafi?"

"Zafi lokacinsa ne, Gwaggo."

"Ya kasuwa? Ya Hajiyarku, ƙafar ta yi sauƙi? Ya wannan ɗan'uwan naka da ya je ƙasar Sinawa?"

"Malesiya ce, Gwaggo."

"To ai duk ɗaya ne. Ya yi aure?"

A diraf kowane zaɓe da agogonsa, idan lokaci ya cika ba ka taɓa komai ba, kwamfuta ta zaɓa maka. Ina durƙushe a gaban allo, don ko a waya ban iya gaida Gwaggo a zaune, ina "na'am, na'am", ita kuma ba ta ma zo kan abin da ya sa ta kira ba. Ashe tunkiyarta ce ta haifi biyu. Kafin mu gama addu'ar Allah ya raya, intanet ya dawo ya same ni da tarin katuna ja da kore da fari, launukan da ko gaisuwa ba ma yi.

Fakiti na uku na wuce shi da sauri. Abin da kawai zan ambata shi ne wani farin kati, Empyrial Armor, da na gani na ce sulke ne kawai, na tura shi gaba. Na haɗa shuɗi da ɗan baƙi, filaye 17, na shiga fage.

Wasan farko hannuna ya zo kamar na yi oda: filaye, lu'ulu'u, da Taniwha. Na yi lissafi. Zagaye na biyu ina da fili biyu, lu'ulu'u ya ba ni uku, biyu da uku biyar. Maciji mai ƙarfi 7 a zagaye na biyu! Irin wannan ba a yin sa ba shaida, sai na ƙwala wa maiɗakina kira. Ta fito tana goge hannu da zani.

"Zo ki ga yadda ake karya Bature."

"To, Yallaɓai, Allah ya sa dai ba caca ba ce."

"Ilimi ne. Kalli nan."

Na danna lu'ulu'u. Na zaɓi shuɗi. Mana uku suka bayyana, tas da su. Katunan hannuna kuma, gaba ɗayansu har da macijin, suka zarce maƙabarta, inda ake zuba katunan da suka mutu. Allon ƙasa ya zama fayau. Sai a sannan na matso da fuska na karanta layin da ke jikin katin: kafin ya ba ka ukun, sai ka zubar da duk abin da ke hannunka. Ga kuɗi, babu abin saya. Abokin karawata, wanda ban san a wace duniya yake ba, ya turo min alamar tambaya guda ɗaya a akwatin hira. Ko kalma bai ƙara ba, kuma wallahi da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

"Ina katunan naka suka tafi?" in ji maiɗakina.

"Dabara ce."

"Uhm." Ta jawo kujera ta zauna. Tunda muka yi aure ban taɓa ganin ta zauna kallon abin da nake yi a kwamfuta ba sai ranar.

Wasa na biyu na bi a hankali. Na jera filaye biyar da guminsu, na sauke Taniwha. Zagayena na dawowa, maciji ya ɓace daga fage. Ba ya maƙabarta, ba ya hannu. Na ce intanet ne. Na ɗauki waya na ɗaga ta saitin taga, na karkata ta gabas, na goge ta da riga. Ashe aikin phasing ke nan: zagaye ɗaya dabbar tana nan, zagaye ɗaya ba ta nan, haka za ta yi ta yi har a tashi. To na ce ba komai, rabin 7 ma ai wani abu ne. Zagaye na gaba maciji ya dawo, na yi kabbara, sai filayena duka biyar suka ɓace. Shi Taniwha da nasa ƙarin sharaɗin: duk ranar da ya kwana a gida, filayenka ne za su fita.

Maiɗakina ta kalli abin zagaye biyu, ta ce, "Au, ai rabon kwana suke yi. Yau ɗakin maciji, gobe ɗakin gonaki. Kai ne dai ba ka iya adalci ba shi ya sa ba sa haɗuwa."

Sau ɗaya ya kai hari, ya cire wa mutumin rai 7, na tashi tsaye. Shi kuwa ya lalubo wani farin kati, Pacifism, ya liƙa masa. Daga nan macijina ba ya kai hari, ba ya tare hari. Amma bai fasa zuwa ba. Duk bayan zagaye ɗaya zai dawo da takunkuminsa a baki, ya kori filayena, ya kwanta. Can ɓangaren kuma mutumin ya fito da wani ɗan mahayi da bai kai a kalle shi ba, ya sa masa Empyrial Armor. Sulken nan kowane kati da ke hannun mai shi ƙarin ƙarfi ɗaya ne. Ni na biya don in zubar da hannuna, shi ana biyansa don ya riƙe nasa.

Sai na zaro Man-o'-War. Nan take dabara ta zo min: in mayar da macijin hannuna, takunkumin ya faɗi, in sake sauke shi sabo. Matsalar ɗaya ce. Ranar da nake da filayen biyan Man-o'-War, maciji ba ya nan. Ranar da maciji yake nan, babu filaye. Na riƙe katin ina ta lissafi, mahayin can yana ta yankar raina.

Ana cikin haka aka ɗauke wuta.

Laftof ta mutu nan take, don batirinta na cire shi tun watan jiya na sa wa wani kwastoma da ke sauri. A Magic Online kowane ɗan wasa minti 25 gare shi na karawar gaba ɗaya, kuma agogon bai san an ɗauke wuta a Kano ba. Na fita tsakar gida da fitilar waya a baki, na kama igiyar janareta. Na ja, ya yi tari. Na ja, ya yi atishawa. Maƙwabcina da ke shan iska a kan dakali ya leƙo ta katanga.

"Malam, lafiya da tsakar daren nan? Ko haihuwa ce?"

"Maciji ne, Alhaji."

"Inna lillahi! A ɗaki?"

"Yanzu dai ba ya nan, sai zagaye mai zuwa."

Kafin in gama yi masa bayani ya riga ya taso yaransa biyu da taɓarya da fitila. Da ƙyar maiɗakina ta sallame su daga bakin ƙofa, tana dariya har da riƙe ciki. Janareta ya tashi, Windows ta ɗauki lokacinta kamar kullum, na shiga na tarar agogona ya cika. Don haka a rubuta: wasa na biyu ba a ci ni ba, lokaci ne ya ƙare. Sauran karawar ban buga su ba, saboda fetur.

Da safe ƙanena ya zo shago. Na bar shi ya zauna, na sa yaro ya kawo masa gurasa, sannan na ce ya nuna min inda ake sayar da lu'ulu'u, mu raba riba. Ya duba asusuna, ya daɗe yana kallo.

"Yaya, wannan diraf ɗin ai na aro ne. Shi ya sa tikitinsa ke da araha. Ana gamawa ake karɓe katunan. Kuma ko an bar maka, na kwamfuta daban, na takarda daban, ba kuɗinsu ɗaya ba."

Ya ce su manyan 'yan wasa da ke amfani da lu'ulu'un, sai sun riga sun jefa katin da zai ɗauko musu wani, ko kuma da gangan suke son katunansu a maƙabarta. Na ba shi labarin Man-o'-War don ya san ba a banza na kwana ba, na zana masa matsalar a bayan rasit. Ya ajiye gurasar.

"To me ya hana ka mayar da mahayinsa mai sulken? Sulken ai faɗuwa zai yi."

Na ce masa ya ci gurasarsa tana hucewa.

Da zai tafi ya ce idan aka dawo da Innistrad na 2011 zai zo gida mu zauna tare, don shi katunansa ma fuska biyu gare su, mutum a gaba, kyarkeci a baya, sai an karanta duka biyun. Na ce to, Allah ya kai mu, wanne ne ya fi tsada a cikinsu?